Wa Zai Wanke Ƙafar Baba Fasto?

Ranar da na fara ganin Filibus, benci ne a kansa. An tashi daga taron mawaƙa a majami'armu, kowa ya nufi inda ake raba shinkafa, shi kaɗai ya tsaya yana mayar da kujeru ciki. Da ya sauke bencin sai na ga jini yana bin hannun rigarsa, ashe ƙusa ce ta yage shi a damtse. Na ce, "Malam, ka ji ciwo fa." Ya dubi hannun kamar na wani ne, ya yi murmushi ya ce, "Ba komai." Abin ya burge ni ƙwarai. Na koma gida ina juya kalmar nan a raina, ina cewa ga namiji.

Da aka sa mana rana, shi kuma aka ba shi wata 'yar ikilisiya da zai fara aikin bishara, sai ya kai ni gaida gwaggonsa, Gwaggo Afiniki. Mun same ta da la'asar a gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗa, tare da maƙwabciyarta Laraba da wani tsoho mai gyaran keke, Baba Ishaku. Tun a hanya na lura idon Filibus ya yi ja, yana ɗan kakkarwa, amma ban yi magana ba. Gwaggo kuwa kallo ɗaya ta yi masa.

"Kai, zazzaɓi kake yi?"

"Ba komai, Gwaggo."

Ta tura masa ƙwaryar gyaɗa da ƙafa. "Zauna, mai bishara. Ke ma amarya matso, ba a zama hannu sake a gidan nan. Zan ba ku labari, amma ba kyauta ba ne, da amsa za ku biya ni."

Ga labarin yadda ta ba mu.

A wani ƙauye da ake kira Rafin Kanya an yi wani fasto mai suna Barnaba. Babba da yaro Baba suke ce masa. Mutumin nan ya ɗauki aikinsa hidima ce, ba sarauta ba. In ɗakin gwauruwa ya yi yoyo, shi ke hawa ya gyara. In naƙuda ta tsananta, shi ke neman mota. Shi ke buɗe majami'a, shi ke buga ƙarfen kiran sujada, sau da yawa ma kafin mata su zo da tsintsiya ya riga ya share. Duk makullan ikilisiya a aljihunsa suke, in yana tafiya sai ka ji suna ƙara.

Akwai rumbu a bayan majami'a. Duk kaka, ranar godiya, kowane gida na kawo damin dawa a zuba a ciki saboda gwauraye. Baba kaɗai ke hawa tsanin rumbun nan. Shi ke dubawa, shi ke barbaɗa toka saboda gara, shi ke fitarwa ya kai gidan wadda hatsinta ya ƙare. Ba don mugunta ya hana kowa hawa ba, yana so ne kada a san wadda ta karɓa, don asirinta ya rufu.

Suna kuma da wata al'ada. Ranar Alhamis ta makon Ista, Baba kan ɗaura tawul a ƙugu, ya ɗauki daro, ya durƙusa ya wanke ƙafar kowane namiji, kamar yadda Yesu ya yi wa almajiransa. Matarsa kuma ta wanke na mata. Da can, in ya gama, shi ma yakan zauna wani dattijo ya wanke tasa. Wata shekara ya ce lokaci ya tafi, a bari. Shekarar da ta biyo baya ma haka. A hankali aka manta an taɓa yi. Mutanen garin suna da wata magana, wai ba a taɓa bawan Allah. Da farko nufinsu kada a ɓata masa suna. Sannu a hankali ta koma kada a tambaye shi. Daga ƙarshe har ta kai ko da hannu ba a taɓa shi.

Wata shekara bayan girbi, Baba ya taka kututturen kara a gonar wata gwauruwa, ya huda masa babban yatsa. Yana da ciwon suga, miki bai warke ba, sai ci yake yi. Ya je kasuwa ya sayo safa da takalmi sau-ciki da kwalbar turare. Matasa suka riƙa tsokanarsa, wai Baba ya zama ɗan gayu da tsufansa, shi ma ya taya su dariya. Amma tsani ya gagare shi. Gwauraye suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, yana ce musu su ƙara haƙuri, sai wani mako. Su kuwa sai su durƙusa su yi godiya su tafi. Ba wadda ta ce don me.

Mutum uku ne suka ceci ransa, kowanne kuma sai da ya saɓa masa kafin ya cece shi.

Ta farko ita ce matarsa, Mama Damaris. Ita kaɗai ta san abin da ke cikin safar. Kullum da safe takan tura ƙofa, ta wanke mikin da ruwan gishiri, ta barbaɗa garin bagaruwa, ta ɗaure da tsumma mai tsabta. Ta roƙe shi su je asibiti, ya ce sai an gama bikin wane, sai an yi jana'izar wance, sai bayan Ista. Ya kuma sa ta yi masa alkawari. "Damaris," in ji shi, "in mutanen nan suka ji, za su karaya. Ki rufa mini asiri." Ta yi alkawarin. Tun da suka yi aure maganar ɗakinsu ba ta taɓa fita ta bakinta ba, da wannan aka san ta, da shi kuma take yi wa amare gargaɗi a zumuntar mata. Amma safiyar Alhamis ɗin wankin ƙafa da ta kwance tsumman, sai ta ga yatsan ya yi baƙi, baƙin ya fara kama na kusa da shi, ga wari ya fi ƙarfin turare. Ta ɗaure masa kamar kullum. Da ya fita sai ta yafa gyale ta tafi gidan mutumin da ta fi jin haushi a garin, Dattijo Habila. Ba ta shiga ba, ba ta ko karɓi ruwa ba. Daga bakin ƙofa ta ce, "Yau in ya gama wanke muku, kada ka bar shi ya fita da safa a ƙafa." Ta juya ta tafi. Da ba ta yi maganar nan ba, ba wanda zai san inda zai duba. Sai dai kuma ita ce ta yi watanni tana kallon mikin yana ci tana ɗaurewa.

Na biyu shi ne Habilan nan. Kafinta ne, dogo, ba ya dariya da yawa. A bayan idonsa Me-ya-sa ake kiransa, don ba a kawo magana a taron dattawa ba tare da ya ce me ya sa ba. Ya taɓa cewa bai kamata makullin rumbu ya zauna a hannun mutum ɗaya ba, ko da mutumin mala'ika ne. Tun daga ranar aka daina sanar da shi lokacin taro, matarsa ma sai da ta sha habaici a bakin rijiya. Da yammar Alhamis ɗin ta yi aka taru, Baba ya bi layi yana jan daro, yana wanke ƙafa yana gogewa, zufa ta jiƙa masa riga. Da ya gama ya dafa benci zai miƙe, sai Habila ya riga shi ɗaukar daron.

"Baba, saura mutum ɗaya."

"Wa aka tsallake?"

"Kai."

"Habila, lokaci ya tafi."

"Lokacin namu ne, ba inda za mu."

Wata murya daga baya ta ce, "Kai Me-ya-sa, ka ji tsoron Allah! Ba a taɓa bawan Allah!" Habila bai ko waiwaya ba. Ya ce, "Yanzu ya gama taɓa mu ƙafa-ƙafa. Mu bayin wa ne?" Ya durƙusa ya kwance igiyar takalmi. Baba ya janye ƙafa ya ce ba komai ba ne, 'yar ƙaya ce. Habila ya ce to a ga ƙayar. Safar ta manne da nama, sai da aka jiƙa ta cikin ruwan nan kafin ta fita. Da ta fita, na kusa suka kau da kai, wata tsohuwa ta fashe da kuka. Habila ya wanke ƙafar a hankali, ya goge gefenta da tawul. Sannan, yana nan durƙushe, ya miƙa hannu ya ce, "Makullin rumbu, Baba." Baba ya zaro ya ba shi, kansa a sunkuye. Washegari da aka hau aka duba, gara ta cinye na ƙasa, abin da ya rage aka raba wa gwauraye, bai kai su damina ba. Da Habila bai cire safar nan ba, da maganar Mama ta tafi a banza, don ba wani a garin da hannunsa zai iya. Sai dai ya tona asirin dattijo a gaban yara da mata, ya kuma nemi makulli a lokacin da mutum ba ya iya ɗaga ido. Wasu sun ce sun ga alamar jin daɗi a fuskarsa. Shi kuwa ya ce da ya same shi a gida, da ba komai ɗin nan za a sallame shi da ita kamar kullum.

Na uku shi ne Zakka mai babur. Shi da can mashayi ne, burkutu ta raba shi da gona da mata. Baba ne ya tsince shi a kwance cikin kwata ranar wata kasuwa, ya goya shi zuwa gida, ya yi ta fama da shi har ya bari, ya kuma tsaya masa ya sami babur na haya. Tun daga nan Zakka ya zama ƙafar Baba. Duk ƙauyen da za a je gaisuwa ko addu'a shi ke kai shi, bai taɓa karɓar ko sisi ba, bai kuma taɓa ce masa a'a ba. A yammacin nan aka ɗaure Baba a bayansa da zanin Mama, ya bi hanyar nan mai yashi da ramuka har asibitin mishan. Likita ya duba ya ce yatsun da suka yi baƙi sai an cire, kuma da gaggawa, in ba haka ba dafin zai hau, a rasa ƙafar ko a rasa mai ita. Baba ya ce gobe Jumma'a ce babba, ga Ista na tafe, wa zai tsaya a gaban jama'a? A bar shi ya je, ran Litinin zai dawo da kansa. Likita ya ce shi bai ga Litinin a ƙafar nan ba. Da likitan ya fita, Baba ya jawo takalminsa.

"Zakka, tayar da babur."

"Ba mai, Baba."

"A gabana ka sha mai a hanya."

"To, ba direba."

Baba ya dube shi kamar bai taɓa ganinsa ba. "Ni kake wa gardama? Ka manta inda na ɗauko ka?"

"Ban manta ba, Baba. Ranar ma ai cewa na yi ka ƙyale ni. Ka ƙyale ni?"

Ya zare makullin babur ya damƙa wa wata nas, ya ce ko shi ya zo yana kuka kada ta ba shi. Sannan ya zauna a bakin ƙofar ɗakin ya miƙe ƙafafu ya tare hanya. Baba ya yi faɗa, ya yi lallashi, daga baya ya juya fuska bango ya daina yi masa magana. Zakka yana zaune hawaye na zuba, bai matsa ba har aka shiga da Baba aka yi aikin. Da ya tayar da babur ɗin nan, da maganar Mama da ƙarfin halin Habila duk sun tashi a banza. Sai dai shi ne wanda ya yi watanni yana goya Baba a bayansa, yana jin warin, yana ganin ɗingishin, bai taɓa buɗe baki ya ce Baba me ya same ka ba.

Ista kuwa ta zo ta wuce. Wata mata ta buga ƙarfe, malamin makaranta ya yi wa'azi, mawaƙa suka yi abinsu, majami'a ta cika har waje. Da aka je asibiti aka gaya wa Baba, ya tambaya ko an sami matsala. Aka ce babu, sai dai an tashi da wuri.

Da ya warke ya dawo yana dogara sanda, ya ce a sa masa kujera a ƙasa, ba a kan bagadi ba. Ya ce ya yi shekaru yana duba kowa, bai yarda kowa ya duba shi ba, yana kiran abin tawali'u, kuma gwauraye ne suka biya da yunwarsu. Ya kira su da sunayensu ya roƙi gafara. Ya zaro makullai ya rarraba, na rumbu ya ce mutum biyu za su riƙa hawa tare. Sannan ya ɗauko tawul ɗin nan na wankin ƙafa ya shimfiɗa a cinya.

"Wannan kuma," in ji shi, "zan ba mutum ɗaya. Shi zai riƙa wanke ƙafata duk shekara. Tsakanin shekara da shekara kuma yana da iko ya same ni ko'ina, ya tambaye ni komai, lafiyata, aikina, fushina, inda na je da abin da na bari ban yi ba. Ni kuma ba ni da ikon ce masa ba komai. Mutum uku ne suka cece ni. Amma ba ni zan zaɓa ba, don in aka bar ni, mai sauƙi zan ɗauka. Ku zaɓa."

Nan Gwaggo Afiniki ta karkaɗe ɓawon gyaɗa daga zaninta ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "To, na gama nawa. Wa za a ba tawul?"

Laraba ba ta ko jira ba. "Matar mana. Wa ke ganin mutum in ya tuɓe takalmi? Habila sai shekara-shekara, ita kuwa kullum."

"Ta gani ɗin, me ta yi?" in ji Baba Ishaku. "Bagaruwa ta yi ta zubawa. Gobe in ya langaɓe kai ya ce Damaris ki rufa mini asiri, shi ke nan an koma gidan jiya."

"Ai ta fasa alkawarin, tsoho! Ka san abin da ke nan ga mace irinta?"

"Na sani. Sai da yatsa ya mutu."

"To naka wa ne? Mashayin?"

"Tsohon mashayi, ki gyara bakinki. Shi ne ya ce a'a ba don yana jin haushi ba. Wanda ke ƙaunarka ya ce maka a'a, wannan a'a ɗin tana shiga."

"Sau ɗaya a rayuwarsa," in ji Laraba. "Sai a jira wasu shekaru kafin ta biyu ta fito."

Filibus ya gyara murya irin ta masu wa'azi. Ya ce a ganinsa Habila ne, don shi tambaya ba sabon abu ba ce gare shi, tun kafin a ga miki yake yi, ya kuma sha wuya a kanta. Baba Ishaku ya ce mai neman laifinka ko ba laifi zai samo. Laraba ta ce mutumin da ya tona asiri a gaban yara ba za a ba shi sauran asirin ba. Filibus ya ce to me zai hana a ba su duka ukun.

"Tawul ɗaya ne," in ji Gwaggo. "In ka ba mutum uku, kowa zai zaci ɗan'uwansa ya tambaya. Kada ka yi mini wayon 'yan makaranta." Sai ta juyo gare ni. "Amarya, ke ba ki biya ba."

Ni kuwa tun da aka zo wurin bagaruwar nan hannuna ya tsaya da ɓara. Ina tuna damtsen nan mai jini, da yadda na tafi gida ina murna da ba komai ɗinsa. Ina tuna hanyar da muka biyo ranar, yana kakkarwa a gefena ina yi kamar ban gani ba, don kada ya ce na cika tambaya. A gaban gwaggonsa ko sunansa ban taɓa kira ba. Amma na ajiye gyaɗar, na miƙa hannu na dafa goshinsa. Zafi kamar tukunya.

Laraba ta ce, "Iye! Yaran yanzu."

Na ce, "Malam, ga Gwaggo, ga Baba Ishaku, su ne shaida. Na yi maka alkawari zan rufa maka asiri a kan komai, ban da abin da zai cuce ka ko ya cuci mutanen da aka ba ka. Duk ranar da ka ce mini ba komai, zan ce nuna mini. In ka ƙi, zan nemo maka Habilan garin, ko za ka yi fushi da ni."

Ya buɗe baki, na ga kalmar ta zo masa har leɓe. Sai ya haɗiye ta ya ce, "Tun shekaranjiya ne. Kaina kamar zai tsage."

Gwaggo ta aika a sayo magani, ta ce wannan ba amsar tambayarta ba ce, amma ta karɓa a matsayin kafin alƙalami. Na tambaye ta wa mutanen Rafin Kanya suka zaɓa. Ta ce in ta faɗa mini, me zan yi da kaina?

Har yau ni da Filibus ba mu daidaita a kai ba, shi ya sa na kawo muku. Ga matar da ta fasa alkawari bayan ta daɗe tana shiru. Ga dattijon da ya cire safa a gaban jama'a, ba a san ko ƙauna ce zalla ta sa shi ba. Ga mai babur da ya ce a'a sau ɗaya, a ranar da ta fi kowace rana. To, in ku ne a majami'ar nan, wa za ku miƙa wa tawul?